Birnin Kebbi da Argungu: Wa ke magana da yawun 'yan kasuwa?

A watan Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta ba da umarnin daina kai man fetur duk wani gidan mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyakokin Najeriya. Manufar ita ce a toshe hanyar masu fasa-ƙwaurin mai zuwa ƙasashe maƙwabta. A Abuja abin ya yi ma'ana. A Kamba da sauran garuruwan kan iyaka na Jihar Kebbi kuwa, umarnin ya faɗo ne daidai lokacin da manoman rani ke kakkaɓe injinan ban ruwa, waɗanda ba sa tashi sai da fetur.

Watanni uku kafin nan an riga an rufe iyakokin tudu, kuma ba a fara buɗe su ba sai a Disamban 2020. Kowa ya koka. 'Yan majalisa sun yi magana, jama'a sun yi ta kiran gidajen rediyo. Sai dai kuka daban, hujja daban. Abin da ke sa jami'in gwamnati ya sake duba umarni shi ne takarda daga 'yan kasuwar yankin da kansu: ga yawan motocin da suka daina zuwa kasuwa kaza, ga farashin galan kafin umarnin da bayansa, ga kadadar da aka bari ba a noma ba. Rubuta irin wannan takarda da bin ta ofis-ofis har sai an amsa, shi ne aikin da aka ƙirƙiri cibiyar kasuwanci dominsa.

Jihar Kebbi na da tata Cibiyar Kasuwanci, Masana'antu, Ma'adinai da Noma, kamar sauran jihohi. Amma idan aka tsayar da mai sayar da hatsi a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko mai bandar kifi a Argungu, aka tambaye shi wa zai kai wa ƙara idan an zalunce shi, da wuya sunan cibiyar ya fara zuwa bakinsa. Zai ambaci shugaban layinsu, ko sarkin kasuwa, ko fadar sarki. Wannan giɓi ne ya kamata ya hana shugabannin 'yan kasuwar Kebbi barci.

Daga ina abin ya samo asali?

Cibiyar kasuwanci baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Wadda aka fi ambata a matsayin ta farko a duniya ita ce ta birnin Marsai na Faransa, da aka kafa a 1599. A Najeriya ta Legas ce babba, an kafa ta a 1888, kuma a farkonta kamfanonin Turawa ne suka mamaye ta, suna amfani da ita wajen yi wa gwamnatin mulkin mallaka magana kan haraji da harkar tashar jirgin ruwa. A 1960 aka kafa NACCIMA, uwar ƙungiyar da ta haɗa cibiyoyin ƙasar.

Najeriya ta gaji tsarin Ingila: shiga cibiya ganin dama ne, wanda ya so ya biya kuɗin ƙungiya, wanda bai so ba babu mai tilasta shi. Da an tsallaka iyaka zuwa Gaya ko Doso sai a tarar da wani tsarin. Nijar ta gaji na Faransa, inda cibiyar kasuwanci hukuma ce da doka ta kafa, mai rassa a jihohi, kuma ɗan kasuwar da ke son takardunsa su cika sai ya bi ta kanta. Kowane tsari da cutarsa. Na Nijar yana da kuɗi da iko amma yana kusa da gwamnati ƙwarai. Na Najeriya yana da 'yanci, sai dai dole ya nemi mambobinsa da kansa, ya nuna musu amfanin da za su samu.

A nan Arewa cibiyoyin galibi sun bi taswirar jihohi. Kebbi ba ta zama jiha ba sai ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ke nan duk wata cibiya mai sunan jihar yarinya ce idan aka kwatanta ta da kasuwancin da ta zo ta tarar. Kuma hoton da mutanen Arewa suka fi sani na cibiyar kasuwanci shi ne na Kaduna da kasuwar baje kolinta ta duniya da ake ci duk shekara. Daga nan aka ɗauka cewa aikin cibiya shi ne kafa rumfuna, gayyato gwamna ya yanke ƙyalle, a watse sai baɗi.

Tsarin da aka tarar

Tun kafin a san hatimi da rasit, kwarin Rima yana da hanyarsa ta tsara kasuwanci. Daular Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mai hedikwata a Surame, ta zauna ne a kan hanyoyin da suka haɗa ƙasar Hausa da kogin Kwara da ƙasashen Yamma. Bayan jihadi, Birnin Kebbi ya koma hannun Gwandu a 1805, Kabawa kuma suka kafa sabuwar fada a Argungu. An daɗe ana gwabzawa tsakanin ɓangarorin biyu, amma fatauci bai tsaya ba. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya ga yadda ake dafa gishiri a kwarin Foga, gishirin da jakuna ke kaiwa kasuwannin yankin. Jega ta tashi a wannan ƙarnin har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, mahaɗar fataken goro masu zuwa Gwanja.

Wannan fatauci ba a yi shi kara zube ba. Ayari yana da madugu, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Baƙon ɗan kasuwa yana da fatoma, mai masaukin da ke ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan an ba da bashi. Dillali yana da la'adarsa sananniya. Mahauta na da sarkin fawa, maƙera na da nasu sarkin, kasuwa na da sarkinta mai raba rumfuna da kashe rigima kafin ta kai gaban alƙali.

Misali mafi kyau yana nan a Argungu. Sarkin Ruwa ne ke kula da Matan Fada, kuma an san cewa ba a su a wannan yanki na kogin sai lokacin da aka ba da izini. Masunta dubbai suna bin wannan doka ba don tsoron ɗan sanda ba. Abin da masana tattalin arziki ke rubuta littattafai a kai, wato yadda al'umma za ta kare dukiyar da ta kowa ce kada a cinye ta ƙarƙaf, Kabawa sun daɗe suna yin sa da gora da homa.

Yawancin waɗannan muƙamai suna nan da ransu. An ƙara musu da ƙungiyoyin zamani: na masu hatsi, na masu albasa, na direbobi, na masu shagunan magani, na masu injin casa, ga adashin mata da ke juya kuɗin da banki bai san da su ba. Suna da jama'a, suna da amana, suna iya rufe layi guda cikin awa ɗaya. Abin da ba su da shi shi ne ƙafar shiga ofisoshin da ake yanke hukunci. Sarkin kasuwa zai iya raba dillalai biyu da suka yi faɗa kan buhu goma, amma ba zai iya rubuta wa Babban Banki ba, kuma ba shi ake gayyata ba idan majalisar jiha za ta saurari jama'a kan dokar haraji. Ita kuwa cibiya tana da rajista, tana da kujera a NACCIMA, tana da sunan da jakadu da bankuna suka sani. Ɗaya na da jama'a babu takarda, ɗaya na da takarda jama'arta kaɗan.

Darasin shinkafa

Babu abin da ya fito da wannan giɓi fili kamar shinkafa. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers, ranar 17 ga Nuwamban 2015. A 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi, ƙarƙashin Akinwunmi Ambode da Abubakar Atiku Bagudu, suka haɗa hannu suka fitar da shinkafar Lake Rice. A 2017 Farfesa Yemi Osinbajo ya buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, wanda aka ce zai iya sarrafa tan 120,000 a shekara, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Cikin 'yan shekaru sunan Kebbi ya zama ɗaya da shinkafa a bakin 'yan Najeriya.

Alheri ya shigo, babu musu. Matasa sun koma fadama, masu motocin ɗaukar kaya sun samu aiki, ƙauyuka sun ga rufin kwano da sababbin babura. Amma a duba waɗanda suka zauna a teburin da aka tsara waɗannan abubuwa: Babban Banki, gwamnoni, ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN, da manyan kamfanoni. Tsakanin manomi da babban kamfani akwai wata runduna da ba ta da kujera. Akwai dillalan shanshera da ke bin ƙauyuka, da masu ƙananan injinan casa, da matan da ke turara shinkafa a gida suna fitar da gumi, da masu sayar da buhu da zare, da makanikan injin ban ruwa. Su ne ke juya kuɗin a cikin gari.

Shinkafar Lake Rice yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da gwamnati, shi ya sa da gwamnoni suka canza, bayan 'yan shekaru aka daina ganin ta a kasuwa kamar da. Da a ce 'yan kasuwar Kebbi ne suka ƙulla da takwarorinsu na Legas ta hannun cibiyoyinsu, da kwantiragi da ma'auni da hanyar biyan kuɗi, da cinikin bai dogara da wanda ke kan kujera ba. Wani abin lura kuma: dalar shinkafar da aka baje a Abuja a Janairun 2022, an jera ta ne a filin baje koli na Cibiyar Kasuwanci ta Abuja. Cibiya ta ba da fili, wasu suka yi magana. Hoton matsayin cibiyoyin ke nan a harkar gaba ɗaya.

Daga nan sai bugu ya biyo bugu. Ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar ana dab da girbi. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya bar kasuwannin ƙauye babu tsabar kuɗi, inda mai shanshera ke sayarwa a wulaƙance ga duk wanda ke riƙe da kuɗi a hannu. Ranar 29 ga Mayun wannan shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin ban ruwa ya yi tashin gwauron zabi. A watan Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka sake rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A tsakiyar 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Mai saye ya samu sauƙi, wanda ya noma da tsadar taki da fetur kuwa ya shiga lissafi.

Wasu daga cikin waɗannan matakai suna da hujjarsu, ba duka ne kuskure ba. Abin tambaya shi ne, a kowane ɗaya, wa ya auna abin da ya yi wa Jega da Kamba da Argungu, ya rubuta, ya ajiye? Manyan kamfanoni suna da ƙungiyarsu da lauyoyinsu. Mai inji ɗaya a bayan tasha ba shi da kowa.

Argungu na buƙatar tata

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kusan awa guda ce a mota, amma buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Birnin Kebbi garin gwamnati ne: albashi, kwangila, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya. Cibiyar da ke zaune a irin wannan gari, ko ba ta so, idonta zai fi karkata ga gidan gwamnati. Argungu kuwa garin ruwa ne da fadama, kuma tana da abin da garuruwa da yawa za su so su mallaka.

Bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta zama alamar ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma bayan na 2009 an shafe shekara goma ba a yi ba, sai a Maris na 2020, shekarar da giwan ruwan da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. A tsawon waɗannan shekaru masu masauki da masu abinci da masu sana'ar hannu sun yi asarar cinikin da babu wanda ya ƙididdige. Da akwai adadi a rubuce, da ya zama hujjar matsa wa gwamnati lamba ta dawo da bikin da wuri.

Ko a shekarun da aka yi bikin, ciniki na kwana huɗu ne. Baƙi da yawa a Birnin Kebbi ko Sakkwato suke kwana, su zo da safe su koma da yamma. Gidan Tarihi na Kanta yana nan duk shekara, kogin yana nan, kifi banda da shinkafar gida suna nan. Tsara yadda baƙo zai kwana biyu a garin a watan da babu biki, ya ci, ya saya, ya tafi da tsaraba a cikin kwali mai sunan Argungu, ba aikin fada ba ne, ba kuma aikin ma'aikatar da ke babban birni ba ne. Aikin masu cin moriyar ne.

Babu dokar da ta ce cibiya sai babban birnin jiha. Nnewi da Onitsha a Jihar Anambra kowanne na da tasa, haka Aba da Warri, kuma babu ɗayansu da yake hedikwatar jiha. 'Yan kasuwar garuruwan ne suka ga suna da abin karewa suka haɗu. Argungu za ta iya yin haka, ko a matsayin reshe mai cin gashin kansa, ko cibiya sukutum. Haka ma Jega da Yawuri.

Akwai masu cewa wannan ƙarin ƙungiya ce kawai, ƙarin kuɗin rajista, ƙarin shugaba mai neman hoto da gwamna. Tsoron nasu na da tushe. An sha ganin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a ƙasar nan sun koma dandalin neman kwangila, ko sun dare gida biyu saboda zaɓe. Cibiyar da gwamnati ke biya wa kuɗin haya ba za ta iya buɗe baki ranar da gwamnatin ta ƙara haraji ba. Sarakunan kasuwa su ma za su yi ɗari-ɗari, don za su ga kamar masu takarda sun zo ƙwace musu gado.

Maganin wannan yana cikin yadda aka gina ta. Maimakon a bi 'yan kasuwa ɗaiɗai ana roƙon su yanki kati, ƙungiyoyin da ke akwai su shiga a matsayin ƙungiyoyi, kowacce da wakilinta da ƙuri'arta. Sarkin kasuwa da Sarkin Ruwa su samu kujerar girmamawa a majalisar dattawanta. Matan gumi da na bandar kifi, waɗanda yawancinsu ba sa zuwa taron otal, su turo wakiliyar da suka zaɓa da kansu, ba wadda aka zaɓa musu ba. Kuɗin gudanarwa kuma ya fito daga aljihun mambobi ko da kaɗan ne, domin mai ba da abinci shi ke da iko da bakin mai ci.

Aikin farko ma ba ya buƙatar gini. Matashi ɗaya mai takardar difloma da wayar hannu zai iya tattara farashin shanshera da albasa da kifi daga Argungu da Jega da Aliero da Kamba duk ranar kasuwa, ya tura ta WhatsApp, a karanta a rediyo. Manomin da ya san farashin Jega ba zai sayar a ƙofar gona da rabin kuɗi ba. Bayan shekara biyu wannan jerin farashi ya zama tarihin da babu ma'aikatar da ke da irinsa.

Sai batun awo, wanda ƙaramin abu ne a ido amma a nan ake cin talaka. Buhu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, tiya ma haka, wani kwanon an bubbuge gindinsa. Kamfani na saye da sikeli, manomi na lissafi da buhu, bambancin kuma ba ya faɗawa aljihun manomi. Sikeli guda na ƙungiya a bakin kasuwa, wanda kowa ya yarda da shi, zai jawo wa cibiya mambobin da baje koli goma ba zai jawo ba. Haka lissafin shingayen da ke kan hanyar Kamba zuwa Birnin Kebbi da abin da direba ke ajiyewa a kowanne, idan aka rubuta shi wata-wata aka miƙa wa hukumomi da sa hannun ƙungiyoyi ashirin.

Akwai abubuwa biyu a gaba da ba za su jira ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma ƙa'idojin shige da ficen kaya tsakanin Kebbi da Doso za su ci gaba da sauyawa. 'Yan kasuwar Gaya suna da cibiyar da za ta zauna a madadinsu, ya kamata su tarar da takwararta a wannan ɓangaren, mai iya magana da yawun Kamba da Kangiwa. Na biyu shi ne babban titin Sakkwato zuwa Badagry da aka fara aikinsa a 2024, wanda zai ratsa Jihar Kebbi. Inda za a sa mahaɗa, da tashar manyan motoci, da rumbunan ajiya, shi zai nuna garin da zai tashi da wanda motoci za su riƙa wucewa da gudu. Ana yanke irin wannan hukunci ne tun aikin yana kan takarda, kuma injiniyoyi na sauraron wanda ya zo musu da taswira da adadin motocin albasa da shinkafar da ke tashi daga garinsa duk mako.